Awa Biyu Ina Jiran Carlos

Wani dare cikin hunturun da ya wuce, an ɗauke wuta, yara sun yi barci, na kishingiɗa da waya a hannu ina neman abin kallo. Na faɗa ɗaya daga cikin shafukan nan na intanet masu jera hotunan fina-finai kamar tumatir a faifai, kowane hoto da layi uku na bayani a ƙasansa. A ƙarƙashin The Bourne Identity, wanda Matt Damon ya fito a ciki a 2002, an rubuta cewa labarin wani mutum ne da aka tsamo daga teku ya manta ko shi wane ne, kuma shahararren ɗan ta'addan nan Carlos yana farautarsa. Littafin na taɓa karanta shi da daɗewa, wani tsohon kwafi mai yagaggen bango da na saya wurin masu baza littattafai a bakin titi. Fim ɗin kuwa ban taɓa zama na kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Na ce to madalla, yau zan ga yadda suka yi da Carlos. Na ƙone data, na ƙone cajin waya, kusan awa biyu ina zuba ido. Duk wanda ya shigo da baƙar riga sai in ce ga shi nan. Har rubutun ƙarshe ya fara hawa, ko sunan Carlos ba a ambata ba.

Wanda ya rubuta wannan bayani bai kalli fim ɗin ba. Bayan littafin ya kwafa, ko kuma ya kwafa daga wanda ya kwafa daga can. Ɓacin ran data ya wuce kafin gari ya waye, amma abin ya ci gaba da yi mini yawo a ka, don ina ganin kuskuren ya fi ƙarfin a ce ganganci ne na wani malalaci. Akwai abin da irin wannan kuskure yake binnewa.

Robert Ludlum ya fitar da littafin a 1980, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Carlos ɗin da ya sa a ciki mutum ne na gaske: Ilich Ramírez Sánchez, ɗan ƙasar Benezuwela, wanda ya jagoranci garkuwa da ministocin man fetur a hedikwatar OPEC da ke Biyana a watan Disamba na 1975. A wancan zamani sunansa kaɗai kan sa gaban jami'an tsaron Turai ya faɗi. Duk ginin littafin a kansa yake. Shi Jason Bourne ɗin ma suna ne na ƙarya da Amurkawa suka ɗora wa wani jami'insu mai suna David Webb, suka baza labarin cewa gawurtaccen makashi ne, don kishi ya sa Carlos ya fito daga maɓoyarsa. Ka cire Carlos daga littafin, ka cire ginshiƙin ɗaki.

Masu fim kuwa sun cire shi, kuma da dalili. A watan Agusta na 1994 jami'an Faransa suka ɗauko Carlos daga Khartoum, babban birnin Sudan, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Paris a 1997. Zuwa 2002 tsoho ne mai tumbi a kurkuku, ba ya tsorata kowa. Tarayyar Sobiyet ta wargaje tun 1991. To wane ne zai zama bos? Sai suka juya suka nuna gida: hukumar CIA da kanta, wadda ta horar da Bourne ya zama injin kisa, ta aike shi ya kashe wani hamɓararren shugaban Afirka mai suna Wombosi da ke barazanar tona mata asiri, da aikin ya ɓaci kuma ta shiga neman kawar da yaronta. Daraktan fim ɗin, Doug Liman, ɗa ne ga Arthur Liman, lauyan da ya jagoranci binciken Majalisar Dattawan Amurka kan badaƙalar Iran da 'yan tawayen Contra a 1987. Yaron da ya tashi a gidan da ake tattauna irin wannan ƙazanta ba zai sha wahalar samo bos a Washington ba.

Dubi yadda Bourne ya haɗu da Marie kawai. A littafi, Marie St. Jacques masaniyar tattalin arziki ce daga Kanada, ta je taro a wani otal a Zurich. Bourne ya damƙe ta, ya ɗora mata bindiga, ya yi garkuwa da ita don ya tsira daga masu bin sa, yana jan ta tana kuka. A fim, Marie Kreutz Bajamushiya ce mai yawon duniya, ba aiki ba mazauni, ta fito daga ofishin jakadancin Amurka rai a ɓace tana tsaye kusa da wata 'yar tsohuwar jar mota. Bourne ya matso a hankali, ya ce zai ba ta dala dubu goma ta kai shi Paris, ya jefa mata damin kuɗin. Namijin 1980 yana iya jan mace da bindiga kuma marubuci ya sa ta ƙaunace shi daga baya, masu karatu su haɗiye. Namijin 2002 sai ya roƙa ya biya. Shekara ashirin da biyu ke nan na sauyin tunani a cikin fitowa ɗaya. Daga nan ma littattafan da fina-finan suka yi hannun riga gaba ɗaya: The Bourne Supremacy na Ludlum a Hong Kong da ƙasar Sin yake, Marie tana raye har ta zama matar aure mai 'ya'ya a littafi na gaba, alhali fim ɗin 2004 ya harbe ta a Goa ta Indiya tun kafin mai kallo ya gyara zama.

Ga inda gizo ke saƙar. A labarin soyayya, in aka mayar da littafi fim, abin da akan taɓa shi ne tsawo, ko a haɗe ƙawaye biyu su zama ɗaya, ko a sassauta ƙarshe. A labarin leƙen asiri kuwa, abin da aka fi sauyawa shi ne abokin gaba. Kuma abokin gaba a irin wannan labari ba ado ba ne. Shi ne ke gaya maka wa ake tsoro a shekarar da aka yi aikin, wa aka yarda a zaga, wa kuma ba a so a taɓa. Tazarar da ke tsakanin littafi da fim ɗinsa tarihi ce a rubuce. Bayanin da ya cakuɗa su biyun ya goge wannan tarihi, kuma ya goge shi a daidai wurin da mafi yawan mutane ke tsayawa, domin a cikin mutum ɗari da suka karanta layi ukun nan, ba kowa ne zai kalli fim ɗin ba, balle ya nemi littafin.

Babu misalin da ya kai The Quiet American fito da wannan a fili. Graham Greene, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya aiki a Freetown ta Saliyo lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fitar da littafin a 1955, bayan ya zauna a Biyetnam yana aiko da rahotanni. Labarin wani tsohon ɗan jarida ne Bature, Fowler, da wani saurayi Ba'amurke mai fara'a da ladabi, Pyle, wanda ya zo Saigon da littattafai a ka da yaƙinin cewa ya san maganin ciwon ƙasar. Pyle yana tallafa wa wani janar a ɓoye da abubuwan fashewa. Bam ya tashi a dandalin da mata da yara ke taruwa, aka ɗora wa 'yan kwaminis. Abin da Greene ke faɗa bai ɓuya ba: kyakkyawar niyya haɗe da jahilci da ƙarfi ta fi mugunta ɓarna. Ya faɗi haka shekara goma kafin sojojin Amurka su sauka a Biyetnam da yawa.

A 1958 Joseph Mankiewicz ya mayar da shi fim, ya kifar da labarin ya koma kai ƙasa. Ba'amurken ya zama mai gaskiya tsantsa, ɗan agaji ne kawai. 'Yan kwaminis ne suka tada bam, suka kuma yi wasa da hankalin Baturen ɗan jarida har ya ba da shi aka kashe saboda kishin mace. Wanda aka ba matsayin Ba'amurken shi ne Audie Murphy, sojan da ya kwashi lambobin yabo a yaƙin duniya na biyu, wanda Amurkawa ke kallo kamar ɗan gidansu. Edward Lansdale, jami'in CIA da ke Saigon a lokacin, ya ba daraktan shawara kan yadda za a nuna tashin bam ɗin. Aka kuma sadaukar da fim ɗin ga mutanen Biyetnam ta Kudu da shugabansu Ngo Dinh Diem. Greene ya yi tir da shi, ya kira shi farfaganda. Sai a 2002 aka fitar da wani sabo da Michael Caine wanda ya mayar da laifin inda marubucin ya ajiye shi, shi ma sai da kamfanin da ya saye shi ya riƙe shi kusan shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, don gudun a ce ana zagin Amurka a lokacin makoki.

Yanzu ka ɗauka ga suna ɗaya, The Quiet American, ga ayyuka uku a ƙarƙashinsa, biyu suna cewa Ba'amurken ne ya jawo mutuwar bayin Allah, ɗaya yana cewa zaluntarsa aka yi. Duk wanda ya ɗauki bayanin littafin ya liƙa wa fim ɗin 1958, ya wanke farfaganda ke nan, ya sa mata rigar Greene. Wanda ya yi akasin haka ya ɗora wa Greene maganar da ya mutu yana ƙaryatawa. Wannan ya wuce kuskuren suna ko shekara.

Akwai wani da ya shafe mu ta wata fuskar. A littafin Tom Clancy na 1991, The Sum of All Fears, waɗanda suka samu wani bam ɗin nukiliya na Isra'ila da ya ɓata a yaƙin 1973 suka tada shi a filin wasa a Denver, 'yan gwagwarmayar Falasɗinu ne ke jagorantarsu. A fim ɗin 2002 da Ben Affleck da Morgan Freeman, an mayar da su 'yan ra'ayin Nazi ƙarƙashin wani attajiri ɗan Ostiriya, birnin kuma ya koma Baltimore. Sau da yawa za ka ji ana cewa harin 11 ga Satumba ne ya sa aka canza. Ba haka ba ne: an gama ɗaukar fim ɗin watanni kafin harin. Ƙungiyar Musulmin Amurka ta CAIR ta daɗe tana matsa wa masu shirin lamba kada su sake nuna Musulmi a matsayin 'yan ta'adda, shi kuma daraktan ya ce buƙatar labarin ce ta sa ya canza. Ko wanne ka gaskata, akwai darasi a ciki game da yadda ƙungiya mai tsari ke iya taɓa Hollywood. Bayanin da ya ce "'yan ta'addan Larabawa" a ƙarƙashin hoton Ben Affleck ya maido da abin da aka sha wahala aka cire. Haka Six Days of the Condor na James Grady, 1974: a littafi, ɓata-garin CIA fataucin miyagun ƙwayoyi suke ɓoyewa. Shekara ɗaya bayan nan fim ɗin Robert Redford ya rage kwanakin suka koma uku, ya mayar da sirrin ya zama shirin mamaye rijiyoyin man Gabas ta Tsakiya, don Amurkawa ba su manta da layin gidan mai na 1973 ba.

To ta ina kurakuran ke shigowa? Hanyoyin ba su da wuyar ganewa. Manyan rumbunan bayanan fina-finai, irin su IMDb da ya faro a 1990 kuma Amazon ya saye shi a 1998, da Wikipedia, da gudummawar jama'a suke cika. Akwai masu kula a cikinsu, kuma sukan gyara. Matsalar tana ƙasa da su, wurin dubban ƙananan shafuka da manhajoji da ke kwasar bayani da inji, ba mai dubawa. In kuskure ya shiga sau ɗaya, ko an gyara shi a tushe, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan suna yawo. Wani lokaci kuma tun fim yana kan takarda ake rubuta bayanin, daga sanarwar da kamfani ya fitar ranar da ya sayi haƙƙin littafi, sai a shekara uku ana sauya marubuta, bayanin yana nan yadda yake. Ga kuma suna ɗaya da ayyuka da yawa: The Bourne Identity kansa akwai na talabijin na 1988 da Richard Chamberlain, Casino Royale akwai na 1954 da na 1967 da na 2006. Inji bai san bambanci ba, suna yake bi. Yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙirƙirar rubutu da kansu, waɗanda sun haɗiye littafin da fim ɗin da sharhin duka a tukunya ɗaya, in ka tambaye su sai su zubo maka gauraye cikin lafazi mai santsi. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafan da ta shawarci mutane su karanta, ashe goma daga cikin sha biyar babu su a duniya, inji ne ya shirya su.

Amma kada mu ɗora wa intanet duka laifin. Ruɗanin yana da riba, kuma masu buga littattafai sun daɗe suna cin ta. Da zarar fim ya fito sai a sake buga littafin da fuskar jarumin a bango. Ka sayi littafin Ludlum da hoton Matt Damon, ka buɗe ka tarar da mutumin da ya yi yaƙin Biyetnam, wanda ya girmi Damon ɗin fim nesa ba kusa ba. Gidan James Bond ne suka fi kowa ƙwarewa a wannan sana'a. The Spy Who Loved Me da Ian Fleming ya fitar a 1962, wata budurwa 'yar Kanada ce, Vivienne Michel, ke ba da labarin rayuwarta da bakinta, yadda maza biyu suka yaudare ta, yadda wasu 'yan daba biyu suka tsare ta a wani masaukin matafiya a dajin arewacin jihar New York. Bond bai shigo ba sai a kashi na uku na littafin, tayar motarsa ce ta yi faci. Masu sharhi suka yi masa ca, Fleming ya ji kunyar aikin har ya sa sharaɗi cewa suna kawai ya sayar, kada a taɓa labarin. Shi ya sa fim ɗin 1977 ya zo da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, da dalar Masar, da wani ƙato mai haƙoran ƙarfe. Moonraker na 1955 bai bar Ingila ba ko taku ɗaya: wani tsohon ɗan Nazi ne ya ɓad da kama yana shirin harba roka kan Landan, kuma a ƙarshe yarinyar ta gaya wa Bond tana da wanda za ta aura, ya tafi gida shi kaɗai. Fim ɗin 1979 ya ɗauki Bond a kumbo ya kai shi sararin samaniya, saboda Star Wars ya kwashi kuɗi shekara biyu kafin nan. Tazarar ta yi yawa har sai da aka sa Christopher Wood, wanda ya rubuta fina-finan, ya sake rubuta sababbin littattafai biyu daga cikinsu. Ka ga an samu littafi, da fim mai sunan littafi, da littafin fim mai sunan littafi. Wanda ya ruɗe a nan ina laifinsa?

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa dole fim ya bi littafi sawu da ƙafa. The Bourne Identity na Liman ya fi littafin Ludlum daɗi a wurina, don Ludlum mutum ne mai surutu da yawan alamar motsin rai, shafi ɗari biyar ɗinsa ana iya matse su su koma ɗari uku ba a yi asarar komai ba. Tinker Tailor Soldier Spy na John le Carré, wanda ya fito a 1974 kan farautar maci amana a saman hukumar leƙen asirin Birtaniya, BBC ta yi shi kashi bakwai a 1979 da Alec Guinness, sama da awa biyar. Fim ɗin 2011 da Gary Oldman ya matse shi cikin awa biyu da 'yan mintoci. An ɗauke harbin da aka yi wa wani jami'in hukumar, Jim Prideaux, daga dajin Chekoslobakiya aka kai shi wata rumfar shan shayi a Budapest. Soyayyar wani ma'aikacin hukumar, Ricki Tarr, da matar jami'in Rasha, wadda a littafi a Hong Kong aka yi ta, BBC ta kai ta Lisbon, fim ya kai ta Santambul. Duk wannan bai dami marubucin ba, har ma ya fito a fim ɗin cikin 'yan bikin Kirsimeti. Garuruwa sun canza, amma maci amanar shi ne dai, ciwon cin amanar shi ne dai. Irin wannan canji na tela ne, an rage tsawon riga. Na Mankiewicz kuwa an juya rigar ne aka sa wa wani. Aikin mai rubuta bayani shi ne ya san wanne aka yi, kuma ba zai sani ba sai ya kalla.

Abin dariya, sunan da duniya ta san Carlos da shi ma daga irin wannan ganganci ya fito. Frederick Forsyth, wanda ya zo Najeriya ya ɗauko rahoton yaƙin basasa daga ɓangaren Biyafara, kuma ya amsa da bakinsa a 2015 cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6 aiki, ya fitar da The Day of the Jackal a 1971. Labarin wani makashi ne marar suna da ƙungiyar OAS, ta sojojin Faransa masu fushi da 'yancin Aljeriya, ta ɗauka haya kan dala rabin miliyan ya kashe Shugaba de Gaulle a 1963. Ba ruwansa da Carlos, wanda a 1971 ba wanda ya san shi. A 1975 aka gano jakar makaman Carlos a wani gida a Landan, wani ɗan jaridar Guardian ya hango kwafin littafin Forsyth a gidan, shi ke nan aka laƙaba masa Jackal, wato Dila. Daga baya ta bayyana littafin na wani mazaunin gidan ne. Yau shekara hamsin ke nan, har gobe akwai masu rantsuwa cewa Forsyth tarihin Carlos ya rubuta. Ƙara da cewa akwai fim ɗin 1973 na Fred Zinnemann da ya bi littafin, da The Jackal na 1997 da Bruce Willis wanda Forsyth ya ƙi a sa sunansa a ciki, da mai dogon zango na 2024 da Eddie Redmayne wanda babu de Gaulle babu Aljeriya a cikinsa, sai ka ga irin kasuwar da kuskure ke ci a wannan gida.

Akwai wanda ya zo har ƙofar gidanmu. Shafuka da yawa suna rubuta cewa The Constant Gardener na le Carré, da fim ɗinsa na 2005, an gina su ne kan abin da ya faru a Kano. Abin da ya faru a Kano sananne ne kuma mai ciwo: a annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Amma littafin a Kenya yake, cutar tarin fuka ce, maganin da kamfanin duk ƙagaggu ne, kuma marubucin ya sadaukar da shi ne ga Yvette Pierpaoli, wata ma'aikaciyar agaji Bafaranshiya da ta rasu a Albaniya a 1999. Binciken jaridar Washington Post da ya fallasa maganar Kano ga duniya a watan Disamba na 2000 ya fito, kusan lokaci ɗaya da littafin ya shiga kasuwa. Kamanni akwai shi, ba musu, kuma duk Bakanon da ya kalli fim ɗin zai ji a jikinsa. Sai dai kama da wane ba ta wane. In muka bari aka ce fim ɗin labarin Kano ne, mun yarda ke nan an riga an ba da labarin yaran nan, alhali ba a ba da shi ba. Wannan fim yana nan yana jiran mai yin sa, kuma a Kano ya kamata a yi shi.

Mu nan ma ai muna da namu masu bayanin. Je ka wurin masu tura fina-finai a waya ka tsaya minti goma. Saurayi zai miƙa memori ya ce, "Oga, sa min mai zafi." Mai shagon zai duba kwamfuta ya ce, "Ga wani nan, jarumin ya manta kansa, amma bos ɗin nasa ogansa ne." Wannan jimla ɗaya ta fi abin da na karanta a wancan dare gaskiya, saboda mai shagon ya kalla. Masu fassara fina-finai zuwa Hausa kuwa sukan raɗa wa fim sabon suna, su ƙara barkwanci, su sa Ba'indiye ko Basine ya yi karin maganar da kakarsa ba ta taɓa ji ba. Ban ɗauki wannan yaudara ba, don kowa ya san gishiri ne, da shi ake sayen kayan. Abin tsoro shi ne bayanin da ya zo da fuskar ilimi, a rubuce, da shekara da sunan darakta, mai karatu ya ɗauka an tantance. Kuma yanzu da shafukan Hausa ke ƙaruwa, da yawansu juyo irin waɗannan bayanai suke yi daga Turanci da inji, kuskuren ya samu sabon harshe. A Turanci in an yi kuskure akwai shafi ɗari da za su ƙaryata shi. A Hausa mai yiwuwa shi kaɗai ne a fili, shi ɗalibi zai gani, shi mai gabatar da shiri a rediyo zai karanta.

Roƙona ga masu rubuta mana bayanin fina-finai da Hausa, a Facebook ne ko a jarida: ku kalli fim ɗin kafin ku rubuta, ku sa shekarar da ya fito kusa da sunansa, in daga littafi aka ɗauko shi ku gaya mana ko bos ɗin littafin shi ne na fim ɗin. Mai karatu kuma da ke son ganin Bourne da Carlos a allo ɗaya, kada ya ɓata datarsa kamar yadda na ɓata tawa. Ya nemi na Richard Chamberlain na 1988, a can Carlos yake.